Ranar da Na Kai Surukata Tsinkar Inabi

Na manta abubuwa da yawa tun zuwana Amurka, har da lambar wayar da na yi shekara takwas ina riƙe da ita a gida, amma ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki surukata a mota na kai ta tsinkar inabi a bayan garin Greensboro. Ba wanda ya aike ni. Ni na zauna, na yi tunani da wannan kan nawa da ake cewa na ɗan boko ne, na ga cewa shawara ce mai kyau.

A lokacin ina shekara ta uku a karatun digiri na uku, fannin ƙasar noma, muna zaune a wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu a unguwar Glenwood. Matata Sa'adatu ta haihu a farkon watan Agusta, aka samu 'ya mace, muka sa mata sunan kakarta muna kiran ta Walida. Ita kuwa kakar, wato Hajiya, ta taso takanas daga Funtuwa don ta kula da jego. Ta zo da akwati biyu, ɗaya daddawa da kuka da kanwa ne zalla, ta kuma zo da wata magana a ranta wadda ba a gaya mini ba sai da ta kwana uku. Sa'adatu ce ta tare ni a kicin ta faɗa mini ƙasa-ƙasa. Wai wani ɗan uwansu ya cika wa Hajiya kunne cewa mazan da ke Amurka duk sun watsar da salla sun kama shaye-shaye, don haka ta ce za ta zuba ido na wata biyu. In ta ga abin da bai yi mata ba, za ta koma da 'yarta da jikarta, ni kuma in na gama karatuna na same su a can. Na tambayi Sa'adatu ko za ta bi ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta taɓa yi wa mahaifiyarta musu ba.

To daga ranar na zama waliyyi. Hula ba ta barin kaina ko a cikin gida. Sallar asuba kuwa da ƙarfi nake karatu yadda ko maƙwabcinmu Bature zai iya ba da shaida. Kunyar surukai kuma na ɗauke ta na kai ta inda ko a ƙauyenmu an daina kaiwa. In zan gaishe ta sai na durƙusa har ƙasa, idona a kan kafet. Ba na cin abinci a gabanta, ba na yi mata magana kai tsaye. Muna zaune mu uku a falon da bai fi taku biyar ba, sai in ce, “Sa'adatu, ki gaya wa Hajiya an ce yau za a yi ruwa.” Hajiya tana ji, ita ma sai ta ce, “Ki ce wa Baban Walida na ji.” (Sa'adatu ta ce ko tafinta a kotu bai sha wahalar da ta sha a watan nan ba.)

Matsalar ita ce Hajiya ba ta iya zama ba. Mace ce mai gonarta ta kanta, masara da dawa da auduga, tun rasuwar mijinta ita ke tsayawa a kan ma'aikata. Sai ga ta a garin da ba ka ganin kowa a waje sai mai jan kare. Kullum tana bakin taga tana mita, musamman in ta ga an yanke ciyawa an zuba a leda an kai bola, ba akuya ba tunkiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na ji tana tambayar Sa'adatu wane irin likitan ƙasa ne wannan da ko tushen tumatir ɗaya bai da shi a bayan gida.

Ana cikin haka na ga wata takarda a allon sanarwa na sashenmu. Wani dattijo mai ƙaramar gonar inabi a wajen garin Summerfield yana neman masu taya shi girbi ranar Asabar. Ba biya, amma za a ciyar da mutane, kuma kowa zai koma gida da kyauta daga abin da gonar ke samarwa. Ina karantawa na ce wannan ai gayya ce, ashe Turawa ma suna yi. Na ɗauki hoton adireshin na wuce. Akwai sauran rubutu a ƙasa, har da sunan wurin da manyan baƙaƙe, amma wani ya manna tallar tsohon kekensa a kai, ni kuma ban ga dalilin ɗaga ta ba. Mutumin da ke kwana uku a kan rahoton bincike ɗaya yana ja masa layi da jan biro, shi ne ya kasa ɗaga tallar keke.

Da na kawo labarin gida, ta bakin Sa'adatu kamar kullum, a karon farko na ji muryar Hajiya ta canza. Ta tambaya ko da gaske gayya ce irin tamu, na ce ƙwarai, har da abinci da tukuici. Sa'adatu ta bi ni ɗaki ta ce, “Ka dai duba wurin a intanet da kyau ko?” Na ce mata noma fannina ne, ta ji da jaririyarta.

Ranar Asabar, ina idar da sallar asuba na tarar Hajiya ta riga ni shiryawa. Tsohuwar atamfa, ɗamara a ƙugu a ƙarƙashin hijabi, ga babbar roba da za ta zubo tukuicinta. Tun kafin a tsinki ko ƙwaya ɗaya ta gama rabo, kason farko na Malam Isiyaku ne, dattijon da ke ja mana karatu mu Hausawan garin, wanda dama zai zo bayan la'asar ya yi wa Walida addu'ar cika arba'in. Sa'adatu ba ta fita tukuna, don haka daga ni sai Hajiya a mota, ita a baya tana jan carbi, ni a gaba ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Bayan minti talatin, da muka fara wuce gonakin dawakai sai ta ce, ba da ni ba, da gilashin mota, “Dabbobin garin nan sun fi mutanensa jin daɗi.”

Muna karya kwana na ga allon ƙofar gonar. Hoton kwalba ne, kusa da ita kofin gilashi mai doguwar ƙafa, irin wanda ko yaro ya san ba na shan koko ba ne. Gefen hanya an jera tsofaffin gangunan katako an shuka fure a ciki. Wurin da ake yin giya ne, inabin kuma na giyar ne, ni kuma ga ni da Hajiyar da ta je Makka sau biyu a bayan motata.

Ku yi mini adalci ku ji abin da ya kamata in yi, don ni ma na san shi. In taka burki, in ce, “Hajiya, na yi kuskure, wurin nan ba namu ba ne, mu koma.” Shi ke nan. Amma bakin da ya yi sati biyar bai haɗa jumla ɗaya da ita ba in ba gaisuwa ba, ta ina zai fara da kalmar giya? Kuma in ta ce yaya aka yi na san irin waɗannan wurare fa? Sai na ƙara wuta na wuce allon da gudu, na je can ƙarshen fili na faka. Kafin in kashe mota har na gama ba kaina fatawa: inabi dai inabi ne, halittar Allah, za mu yi awa ɗaya in ce an gama, mu gudu.

Mai gonar, Mista Rasel, dogon tsoho ne mai farin gemu, kunnensa ya fara nauyi don haka yana magana kamar mai shela. Mu kusan ashirin ne, yawanci tsofaffin Turawa da suka yi ritaya. Ya raba mana ƙananan almakasai da akwatunan roba, ya nuna yadda ake tallafe gungun inabi da hannu ɗaya a yanke sandarsa da ɗayan, kada a sa ruɓaɓɓe, kada a sa ganye. Sai ya zarce da bayanin yadda inabin bana zai ba da giyar da ba a taɓa yi ba. A cikin minti biyu ya ambaci kalmar ya fi sau bakwai, ni kuma ina ta gumi tun rana ba ta fito sosai ba. Da ya gama na juya gefe na ce wa iska, “Ya ce a yanka a hankali.”

Hajiya ta ce, “Duk wannan dogon zancen?”

Na ce ai haka Turanci yake.

Tsarin aikinsu kuma sai ya zama kamar da gayya aka shirya mini shi. Itatuwan inabin a ɗaure suke a jikin waya, layi-layi, kowane layi mutum biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suna fuskantar juna. Da yake tare muka zo, aka haɗa ni da ita. Wato ni da surukata, fuska da fuska, ba abin da ya raba mu sai ganye. Ni kuwa na rantse ba zan ɗaga ido ba, ina yanka ina kallon takalmina, ba a yi minti goma ba na datse ɗan yatsana. Ina tsotsar jinin kenan wata rina da ke shan zaƙi a cikin gungu ta fito ta harbe ni a leɓen sama. Ban yi ƙara ba saboda kunya, hawaye kawai na ji suna bin hancina.

Hajiya kuwa kamar an mayar da ita Funtuwa. Ta ɗanɗana ƙwaya ɗaya, ta tofar da 'ya'yan, ta ce zaƙi kam akwai, amma ƙanana ne ga kaurin ɓawo, ba ta ga wanda zai saye su a kasuwa ba. (Na yi kamar rina ta taɓa mini kunne ma.) Daga nan ta duƙufa. Almakashi yana ta ƙas-ƙas, ta wuce ni, ta gama gefenta, ta zagayo ta gama nawa. Kafin in cika akwati uku ta cika goma sha ɗaya. Ta ga gungun da aka yar a ƙasa saboda sun ɗan taɓu, ta ce wannan almubazzaranci ne, ta riƙa tsince su tana zubawa a robarta. Ta samu wasu tsofaffin mata biyu tana yi musu Hausa suna yi mata Turanci, suna ta dariya, kuma wallahi kamar suna fahimtar juna. Hankalina ya tashi, na riƙa rugawa ina tsayawa a tsakaninsu da kumburarren leɓe, don kada wata ta kwatanta kurɓa da hannu.

Da awa ɗaya ta cika na tattara ƙarfin hali na matsa kusa na ce wa wani ganye, “Ko Hajiya ta gaji mu kama hanya?” Ta miƙe ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce a gidansu ba a taɓa barin gayya mai gona bai ce an tashi ba, kuma ba a kanta za a fara wannan abin kunya a ƙasar mutane ba. In ni na gaji in je inuwa in zauna.

Ni na ce mata gayya ce. Da bakina na ɗaure kaina, don haka na koma layi na ci gaba da yanka ina tsine wa mai keke a zuci.

Abin da ya fi damuna, kuma har yanzu in na tuna sai na ji ba daɗi, shi ne ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na safiyar nan ba. Gumi na zuba, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta tsaya ta goge fuska da gefen hijabi, ta ce, “Baban Walida, Allah ya yi maka albarka. Yau na ji ni mutum.” Sati biyar ina neman wannan kalma da hula da doguwar sura ban samu ba, sai a gonar giya. Na ce amin.

Da rana ta take aka ce an gama, aka shimfiɗa abinci a ƙarƙashin wata babbar bishiya. Na hango ana jera kwalabe a kan tebur, sai na yi wuf na kai kujerar Hajiya can gefe na juya ta tana kallon daji, na ce nan ya fi iska. Muka buɗe dambun da Sa'adatu ta ƙulla mana, ita tana ci, ni na koma bayan mota da nawa. Na fara ganin kamar zan tsira. Sai ga Mista Rasel ya nufo mu hannu a buɗe, yana shelar cewa shekara da shekaru yana girbi bai taɓa ganin mai sauri irin wannan baiwar Allah ba, dole ya nuna mata inda ake sarrafa abin da ta tsinka. Na ce masa mun gode, muna sauri. Hajiya ta ga yana nuna wata rumfa da hannu, ta gane gayyata ce, ta tashi ta gyara hijabi ta ce ba a ƙin kiran mai gida.

Rumfar babba ce, ga sanyi. Akwai injin da ke raba ƙwayoyin da sandunansu, ga manyan tankunan ƙarfe, ga ganguna an jera har sama. A tsakiya akwai wani ƙaton baho cike da inabin da aka tsinka satin da ya wuce, yana kumfa yana tsuwa shi kaɗai, Mista Rasel ya ɗauki wata doguwar muciya yana danna shi ƙasa yana murmushi. Wari kuwa ya cika wurin, tsami-tsami da zaƙi-zaƙi, kamar ƙullun da ya kwana uku. Hajiya ta tsaya cak. Ta dubi bahon, ta dubi gangunan, ta dubi yatsunta da suka rine. Sannan ta juyo ta kalle ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Baban Walida, me ake yi da ruwan nan?”

Na ce, “Lemo, Hajiya. Lemon inabi.”

“Gangunan fa?”

“Don kada ya lalace.”

Ta ce, “To. Madalla.”

Ta fita ta nemi famfo ta daɗe tana wanke hannu har gwiwa, ni a zatona alwalar azahar take yi. Robar inabin da ta sha wahalar tsincewa ta juye ta a gindin bishiya. Duk na gani, amma daɗin na tsallake ya hana ni yin tunani. Har wani ɗan alfahari na ji, wai na iya magana.

Sai aka zo rabon kyautar da takarda ta yi alkawari. Kowa kwalba ɗaya, Hajiya kuma biyu saboda ita ce gwana, har da tafi. Na miƙa hannu na ce bari in sa a but ɗin mota kada su fashe. Ta ce a'a, guminta ne, ita za ta riƙe, in kawo tawa ma ta haɗa. Ta naɗe su ukun a cikin ɗankwali ta ɗora a cinya. Duk hanyar komawa ina ƙulla dabara ina kwancewa. In tsaya a kanti in sayi ruwan inabi na gaske mu musanya, in taka burki da ƙarfi su faɗi, in aika wa Sa'adatu saƙo ta tare mu a ƙofa. Da na sa sigina zan shiga wani gidan mai, Hajiya ta ce daga baya, “Mu je gida. Ba a barin malami yana jira.”

Mun tarar gida ya fara cika. Mata suna ɗaki wajen mai jego, a falo kuma ga Malam Isiyaku da abokinsa Alhaji Mudi, mutumin Maraɗi mai tuƙa tirela, wanda ba ya iya riƙe dariya ko a gidan makoki. Yana ganin leɓena ya tambaya ko dambe na koma. Na yi wanka na sa farar shadda, aka yi la'asar, Malam ya karɓi Walida ya yi mata addu'a mai tsawo. Ni dai bakina yana amin, idona yana ƙofar ɗakin da aka shige da kwalaben.

Ana shafawa sai ga Hajiya ta fito da babban faranti. Kwalabe uku a tsaye, kofuna a jere. Ta ajiye a gaban Malam, ta zauna gefe, ta gaishe shi a nutse.

“Malam, ga tsarabar gona. Yau surukina ya kai ni gayya, na yi aiki tun safe, wannan aka ba ni. Ya ce lemo ne. Baban Walida, buɗe ka zuba wa Malam.”

Malam Isiyaku ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, daga inda yake zaune ya karanta abin da ke jikin kwalbar. Ya janye gefen rigarsa daga kusa da farantin. Alhaji Mudi ya kama wani tari da ba na Allah da Annabi ba. Na ga Sa'adatu ta fito bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa. Na ɗauki kwalba ɗaya ina jujjuya ta, na ce ai irin wannan murfin sai da abin buɗewa na musamman, mu kuma ba mu da shi. Hajiya ta ce a kawo mini wuƙa.

Nan dabara ta ƙare. Ko in zuba wa malaminmu giya a kofi da hannuna, ko in buɗe baki. Na durƙusa na ce, da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba, “Hajiya, giya ce.”

“Ban ji ba.”

“Giya ce, Hajiya. Wurin giya na kai ki. Tun a ƙofa na gane.”

Ta ce ta sani. Shekara goma sha ɗaya ta yi da marigayi mijinta a barikin 'yan sanda a Kafanchan, katanga ɗaya ce tsakaninta da masu dafa burkutu, don haka tana sa ƙafa a rumfar nan hancinta ya gaya mata komai. Sai ta ɗaga hannayenta, har yanzu akwai shuɗi-shuɗi a gefen farce duk da wankin da suka sha.

“Da waɗannan na yi ɗawafi. Ka bar ni tun safe ina tara wa mutane abin maye ina sa maka albarka. Da na tambaye ka a rumfa, ƙofa na buɗe maka, daga ni sai kai, ba mai jin Hausa a wurin. Ka dube ni ka ce lemo.”

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ba irin ta durƙuso da sunkuyar da kai ba, ta gaske. Malam ya kwantar mata da hankali cewa ba ta da laifi tunda ba ta sani ba, sannan ya juyo kaina ya ce zai yi mini gajeriyar nasiha. Gajeriyar ta kai mu har kusan magariba. Alhaji Mudi ya so ya taimake ni, ya ce da ɗan Faransancinsa, “Bon, amma dai a duba, gidan da ba abin buɗe kwalba ba gidan mashayi ba ne,” sai dariyar da yake dannewa ta ƙwace, ya fita waje da gudu. Daga ƙarshe Malam ya ce in je in zubar. Na kai su bayan gida na danna murfin farko ciki da sukudireba, abin ya yi tsartuwa ya wanke mini gaban farar shaddata. Haka na dawo na yi sallama da baƙi, ja-ja-jur, ina warin abin da na rantse ban taɓa sha ba.

Kwana uku Hajiya ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. A rana ta biyu na ga an sauko da akwati daga saman kabad, na ga Sa'adatu tana ninke kayan Walida idonta jawur. Na je makaranta na zauna gaban kwamfuta har yamma ban rubuta layi ɗaya ba. In na dawo sai in ɗauki yarinyar in yi ta zagaye falo da ita, ina lissafin cewa in aka tafi da ita yanzu, ranar da zan sake ganin ta tana gudu da ƙafarta, kuma ba za ta san ni ba.

A rana ta huɗu da safe Hajiya ta kira ni da kanta, ta ce wa Sa'adatu ta ba mu wuri. Na durƙusa zan sunkuya, ta ce in ɗago in zauna a kujera. Ta ce ta bincike gidan nan lungu-lungu tun zuwanta, ta tabbata ba na sha, kuma ba za ta raba uba da 'yarsa a kan wauta ba. Na buɗe baki zan fara godiya, ta ɗaga mini hannu. Ta ce amma namijin da tsoro zai sa ya bar tsohuwa cikin haram tun safe har azahar, bai kai a bar masa mace da jaririya ba tare da babba a kusa ba. Ta sa matar Malam ta duba mata takardunta, an ce tana da izinin zama wata shida, don haka an riga an ɗaga tikitinta zuwa watan Fabrairu. Akwatin da na gani, kayan zafi ake kwashewa a sama wa na sanyi wuri. Kuma daga yau ba sauran aike ta bakin Sa'adatu. Kullum in na dawo daga makaranta zan zauna a gabanta in gaya mata inda na je da abin da na yi, ina kallon fuskarta.

Haka kuwa aka yi, wata huɗu da ɗoriya. Na yi wa Hajiya bayanin gwajin ƙasa, da rigimata da malamin da ke duba aikina, da dalilin da ya sa na makara minti ashirin ranar Talata. Da sanyi ya shigo, kullum sai ta tuna mini cewa ni na jawo mata shi. Amma matata da 'yata suna nan, Walida a gabana ta fara zama.

Abin da na koya bai da yawa. Duk durƙuson nan da kallon kafet, ashe rabinsa ladabi ne, rabinsa tsoro ne ya sa hula. In ka yi wa babba kuskure, gaya masa tun kuna ku biyu a mota. In ka tsaya jin nauyi, za ka faɗa dai, amma a gaban malami, sau biyu, kuma da ƙarfi.